Kujerar Ilimi da Sharaɗin Mai Wakafi: Labarin Kyautar da Jami'ar Yale Ta Ƙi Karɓa

A cikin shekarar 1997, wani marubuci Ba'amurke mai suna Larry Kramer, wanda a lokacin ya ba shekara sittin baya, kuma tun 1988 likitoci suka shaida masa yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, ya zauna ya tsara wasiyyarsa, sa'an nan ya aika wa Jami'ar Yale, inda ya yi karatu yana saurayi, cewa in ajali ya riske shi zai bar mata dukiya ta miliyoyin daloli. Duk wanda ya san halin makarantu zai zaci da hannu bibbiyu za a karɓa, tun da ba a san gidan ilimi da mai da kuɗi ba. Amma sai jami'ar ta yi godiya ta ce a kai kasuwa. Abin da ya hana ta karɓa shi ne sharaɗin da mai kyautar ya gindaya, wato a kafa wa malami kujera ta dindindin wadda aikinta shi ne nazari da koyar da adabin maza masu neman jinsinsu, ko kuwa a gina wa ɗalibai irin waɗannan wurin haɗuwa a harabar makarantar, kada kuma a kashe ko sisin kwabo a wata hanya dabam.

Na san mai karatu zai iya ɗaga gira tun daga nan, saboda haka bari in faɗi inda na dosa. Hukuncin addini a kan luwaɗi da maɗigo sananne ne ga Musulminmu da Kiristanmu, littattafan fiƙihu ba su bar shi a duhu ba, kuma ba shi na zauna in warware ba. Abin da ya ɗauki hankalina mas'ala ce ta ilimi da dukiya: yadda wani fanni da bai da ko suna shekara sittin da suka wuce ya sami wurin zama a manyan jami'o'in Amurka, da wanda ya biya kuɗin wurin zaman, da kuma iyakar ikon mai biya a kan abin da za a faɗa daga kan kujerar da ya saya. Wannan tambaya ta ƙarshe tsohuwa ce ƙwarai, har malamanmu ma sun daɗe da yin bahasi a kanta a babin wakafi.

Da farko dai, mene ne kujera a jami'a? Attajiri ne, ko jama'a da suka haɗa ƙarfi, za su ba makaranta dunƙulen kuɗi da yarjejeniyar cewa ba za a taɓa uwar kuɗin ba har abada, sai dai a juya ta a kasuwar hannun jari da makamantanta, a riƙa ɗibar wajen kashi huɗu ko biyar cikin ɗari a kowace shekara, a biya albashin shaihin malami guda da abin da bincikensa ke bukata. In ya rasu ko ya yi murabus a naɗa wani, suna kuwa yana nan na mai kyautar ko na wanda ya so a tuna. Wannan shi ne wakafi, ko hubusi kamar yadda littattafanmu na Malikiyya suka fi kiransa, sai dai ya sa rigar Turawa. A Ingila, mahaifiyar Sarki Henry na Bakwai, Margaret Beaufort, ta kafa kujerun ilimin tauhidi a Oxford da Cambridge a 1502, kuma har yau ana zama a kansu. Kujerar lissafi da Henry Lucas ya bar wa Cambridge a 1663 ita ce Isaac Newton ya hau a 1669, ita ce kuma Stephen Hawking ya riƙe daga 1979 zuwa 2009. Tun kafin waɗannan, Nizamul Mulki ya buɗe madarasar Nizamiyya a Bagadaza a 1067 bisa wakafi, inda aka naɗa Imam Gazali a 1091, kuma a masallacin Ƙarawiyyin na Fas akwai kujerun karatu na katako waɗanda kowacce take da hubusinta da littafin da ake karantarwa a kanta.

Daga nan za a gane abin da ya sa masu sabon fanni suke kwaɗayin kujera fiye da kowace irin gudummawa. Darasin da malami ya ƙirƙiro don sha'awar kansa yakan mutu ranar da ya bar makarantar. Shirin da ake biya daga kasafin shekara yakan tafi da shugaban da ya kawo shi. Amma kujerar wakafi, musamman in aka haɗa ta da tabbataccen muƙami, wato irin naɗin da ba a korar malami daga gare shi don an ƙi ra'ayinsa, tana nan ko da iska ta juya.

Fannin da muke magana a kansa kuwa ya taso ne bayan tarzomar Stonewall da masu neman jinsinsu suka yi a birnin New York a watan Yuni na 1969, da kuma bayan ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire neman jinsi daga jerin cututtukan tabin hankali a 1973. Kafin lokacin, galibi likita da alƙali da ɗan sanda ne kaɗai ke da bakin magana a kan waɗannan mutane. Bayansa sai masana tarihi da adabi da halayyar al'umma suka shiga tonon takardun kotu da wasiƙu da tsoffin jaridu, suna tambayar yadda mutanen suka rayu, da sunan da aka kira su a kowane zamani, da yadda doka ta bi da su. John Boswell na Yale ya fitar da babban littafinsa a kan Kiristanci da wannan al'amari a Turai ta tsakiyar zamani a 1980, littafin da ya jawo yabo da raddi masu yawa. Wata kwalejin birnin San Francisco ta buɗe sashe na musamman a 1989, sa'an nan masanin tarihi Martin Duberman ya kafa cibiyar bincike a jami'ar birnin New York a 1991, bayan shekaru ana taruwa a falonsa. Kusan duk waɗannan da bara suka tashi: liyafar tara gudummawa, wasiƙu ga tsoffin ɗalibai, da wasiyyar waɗanda suka mutu ba su bar 'ya'ya ba.

Wannan batu na wasiyya shi ne zuciyar labarin, kuma ba a fahimtarsa sai an tuna da annobar ƙanjamau. Kramer ya shiga Yale a 1953, makarantar mahaifinsa da yayansa Arthur, kuma a shekararsa ta farko, saboda ƙuncin da ya same shi na zaton shi kaɗai ne irinsa a duk makarantar, ya haɗiye ƙwayoyin asfirin masu yawa don ya kashe kansa, Allah bai nufa ba. Ya kammala a 1957, ya shiga harkar rubuta fina-finai, ya sami kuɗi, yayan nasa kuma, wanda lauya ne, ya juya masa su har suka zama dukiya. Da hukumar lafiya ta Amurka ta ba da rahoton wasu samari biyar a Los Angeles masu wata baƙuwar cuta a watan Yuni na 1981, ba a yi wata uku ba Kramer ya tara maza wajen tamanin a ɗakinsa na New York, a cikin zafin watan Agusta, waɗansu a zaune a ƙasa waɗansu a tsaye jikin bango, wani likitan fata ya tsaya ya bayyana musu abin da yake gani a asibiti, sa'an nan aka zaga da roƙo aka tara dala 6,635 don bincike. Daga wannan zama aka haifi ƙungiyar GMHC a 1982 mai jinyar marasa lafiya, daga baya kuma ya zama ummul'aba'isin kafa ACT UP a 1987 mai zanga-zangar neman magani. Ya binne abokai ba adadi. Boswell kansa cutar ta ɗauke shi a 1994 yana da shekara 47. Saboda haka mutumin da ya rubuta wa Yale a 1997 mutum ne da ya ga tsararsa tana ƙarewa a gaban idonsa, yana tsoron kada a wayi gari babu mai tuna cewa sun taɓa rayuwa. Kuma ko mai karatu ya yarda da tafarkin rayuwarsa ko bai yarda ba, wannan tsoro na ɗan Adam ne da kowa ya sani.

Jami'ar ta kawo hujjojinta ta bakin mataimakiyar shugabanta mai kula da sha'anin karatu, Alison Richard, wadda daga baya ta shugabanci Cambridge. Ta ce fannin sabo ne, kuma yadda mai wasiyyar ya zana shi ya yi ƙunci da yawa a ce an ɗaure makaranta da shi har abada. Ta ce an ƙayyade yawan muƙaman malamai a lokacin, ƙara ɗaya a nan rage ɗaya ne a wani wuri. Ta kuma nuna cewa malamai ne ke da haƙƙin yanke abin da za a koyar, ba mai kawo kuɗi ba. Aka yi masa tayin a riƙa gayyato malamai baƙi na ɗan lokaci, ya ƙi. Ya fita jaridu ya zargi makarantar da ƙyamar irinsa, maganar ta kai shafukan New York Times a watan Yuli na shekarar.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba a kansa aka fara ba. A 1991 wani hamshaƙi daga gidan masu arzikin man fetur na Texas, Lee Bass, ya ba Yale dala miliyan 20 don a ƙarfafa koyar da wayewar Yammacin Turai, abin da masu ra'ayin riƙau suke so. Da aka yi ta jan ƙafa, sai ya nemi a ba shi ikon amincewa da malaman da za a naɗa, jami'ar kuwa ta gwammace ta mayar masa da kuɗinsa a 1995 da ta ba shi wannan iko. Mutum biyu ke nan da ra'ayinsu ya yi hannun riga, amma ƙofa ɗaya ta tare su.

A nan ne nake ganin fiƙihun wakafi yana haskaka mas'alar fiye da gardamar jaridu. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa sharaɗin mai wakafi ana kiyaye shi kamar yadda ake kiyaye nassi, matuƙar bai saɓa wa shari'a ba, shi ya sa Nizamul Mulki ya iya shar'anta cewa malamin madarasarsa Bashafi'e zai kasance, aka kuma bi. Amma Malikiyya suka ƙara wani abu mai zurfin hikima, wato hubusi ba ya cika sai mai shi ya fitar da hannunsa daga dukiyar, wani ya karɓe ta, ba a kuma yarda ya naɗa kansa mai kula da ita ba. Mai kyauta yana da haƙƙin ya ambaci hanyar da yake so a bi da dukiyarsa. Ba shi da haƙƙin ya zauna a bakin ƙofa yana tantance mai shiga. A ganina Yale ta yi daidai da ta ƙi ba Bass ikon zaɓen malamai, ta kuma yi daidai da ta ga ƙuncin sharaɗin Kramer, wanda ya ambaci maza ya bar mata, ya ambaci adabi ya bar sauran fannoni. Inda nake ganin ta gaza shi ne a hujjar sabuntar fanni, domin babu ilimin da bai taɓa zama sabo ba, kuma lissafin da Newton ya koyar daga kujerar Lucas shi ma baƙo ne a zamaninsa. Da ta zauna da mutumin tun farko ta faɗaɗa sharaɗin tare da shi, da ba a ɓata shekara huɗu ana jifan juna ba.

Sulhu ya zo a 2001, kuma ta hannun yayansa ya zo. Arthur Kramer ya ba da dala miliyan 1 don a gudanar da shiri mai ɗauke da sunan ƙanensa na tsawon shekara biyar, a kawo malamai baƙi, a shirya taruka da laccoci, shi kuma Larry ya amince ya ba ɗakin karatu na Beinecke na jami'ar takardunsa da rubuce-rubucensa na hannu. Aka ɗauko masanin tarihin zane-zane Jonathan D. Katz ya jagoranci shirin. A ƙarshen wannan shekarar aka yi wa Kramer dashen hanta, mutumin da ya rubuta wasiyya yana jiran mutuwa sai ga shi ya ƙara sama da shekara goma sha takwas a duniya, ya ga abin da aka yi da kyautar da idonsa.

Abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. Shi tarihi yake so, tarihi mai sunaye, a tono a nuna cewa manyan mutanen Amurka irin su Abraham Lincoln da George Washington suna cikin jama'arsa, da'awar da galibin masana tarihi ba su karɓa ba saboda ƙarancin hujja. Malaman da ke tashe a fannin kuwa sun karkata ga wani nazari na falsafa wanda ke tuhumar rabe-raben kansu, yana cewa sunayen da ake kiran mutane da su a yau ƙirƙirar ƙarni na goma sha tara ce, ba daidai ba ne a ɗora su a kan mutanen da suka rayu kafin a ƙirƙiro su. Ga Kramer wannan share tarihi ne da sunan ilimi. Da wa'adin ya cika a 2006 aka rufe shirin, aikin ya ci gaba a ƙarƙashin sashen nazarin mata da jinsi, a shekarar kuma Yale ta ɗauko George Chauncey daga Chicago, masanin tarihin da ya rubuta littafin rayuwar irin waɗannan maza a New York daga 1890 zuwa 1940. Duk da haka a 2009, ranar da tsoffin ɗalibai suka gayyace shi Yale don su karrama shi, Kramer ya tashi a gabansu ya ce an karkatar da kuɗin yayansa daga abin da aka bayar dominsa.

A wannan shekara ta 2009 Harvard ta bi wata hanya. Maimakon mutum guda mai dukiya da zafin rai, ƙungiyar tsoffin ɗalibai da ma'aikata masu neman jinsinsu ce ta yi shekaru tana tarawa, wannan ya kawo kaɗan wancan ya kawo da yawa, har aka haɗa dala miliyan 1.5, ba tare da an shar'anta wa jami'a wanda za ta naɗa ba. In aka yi lissafin kashi biyar cikin ɗari, abin da wannan kuɗi zai haifar a shekara bai wuce dala 75,000 ba, wanda ba zai riƙe shaihin malami na dindindin a irin wannan makaranta ba. Saboda haka aka mai da ita kujerar baƙo, a gayyato masani daga wata jami'a ya koyar na zango ɗaya ya koma. Henry Abelove ne ya fara hawa a 2012. Sunan da aka sa wa kujerar na F. O. Matthiessen ne, malamin adabi na Harvard wanda littafinsa na 1941 ya zama ginshiƙin nazarin adabin Amurka, wanda ya yi shekara ashirin tare da mai zane Russell Cheney ba tare da ya iya bayyana haka a wurin aikinsa ba, wanda kuma, shekara biyar bayan rasuwar Cheney, ya faɗo daga tagar wani otal a Boston a ranar 1 ga Afrilu 1950. Masu tara kuɗin suna sane da wani abu kuma: a 2002 wani ɗalibi mai rubutu a jaridar makarantar ya ci karo da wasu fayiloli a ma'ajiyar jami'ar, waɗanda suka tona cewa a 1920 hukumar Harvard ta kafa kotun asiri ta mutum biyar, ta yi wa ɗalibai tambayoyi ɗaya bayan ɗaya a ɗaki a rufe, ta kori waɗanda ta samu da laifi, har ta bi waɗansu da wasiƙu don kada wata makaranta ta karɓe su.

Wani zai ce, to, mu ina ruwanmu da kujerun Harvard da Yale? Amsa ita ce abin da aka faɗa daga kan kujera ba ya tsayawa a aji. A shari'ar Lawrence da jihar Texas a 2003, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin hukunta luwaɗi da ita, alƙalin da ya rubuta hukuncin ya dogara a wani ɓangare da takardar da masana tarihi suka miƙa ƙarƙashin jagorancin Chauncey. Fannin ya iso har ƙasarmu: Rudolf Gaudio, masanin harshe da al'ada Ba'amurke, ya zauna a Kano cikin shekarun 1990, ya koyi Hausa, ya fitar da littafi a kan 'yan daudu a 2009, kuma ɗalibai da yawa a ƙasashen waje ta wannan littafi suka fara jin sunan birnin. Ko mun yarda da fassararsa ko muna da gyara, abin da ke damuna shi ne gyaran ba ya zuwa da ihu, sai da bincike mai nauyi daidai da nasa, bincike kuwa yana bukatar malamin da aka ɗauke wa tunanin abinci, wanda kuma ba ya tsoron mai biyansa.

A Amurka ma ƙurar ba ta lafa ba. A 2023 sabuwar hukumar gudanarwar New College ta jihar Florida, wadda gwamnan jihar ya naɗa wasu daga cikin membobinta, ta ƙuduri rufe shirin nazarin jinsi na makarantar, kamar yadda gwamnatin Hungary ta soke irin wannan digiri a 2018. Shirin da ke cin kuɗin gwamnati ƙuri'a ɗaya ta ishe shi; shi ya sa masu fannin suka ƙara dagewa kan neman wakafi, ko da yake wakafin ma yana ɗaure su da masu dukiya, su kuma masu dukiya kowa da irin tarihin da yake so a ba shi.

Kramer bai jira jami'a ba. Ya zauna ya rubuta tarihin da yake so da hannunsa, a siffar ƙagaggen labari mai juzu'i biyu, na farko ya fito a 2015, na biyu a farkon 2020, ya rasu a New York ranar 27 ga Mayu na wannan shekarar yana da shekara 84. Kujerar da ya nema a 1997 ba a kafa ta da sunansa ba. Takardunsa suna Beinecke, ginin da aka yi wa bango da siraran allunan marmara waɗanda hasken rana ke ratsawa ya shigo a dushe don kada ya ƙona tsoffin littattafai; mai bincike yakan yi rajista, ya ajiye jakarsa da alƙalaminsa na tawada a waje, ya sauka ɗakin karatu da fensir, a turo masa akwatin da ya nema.